Kankare da matuƙi: inda gizo ke saƙar a sha'anin sojan saman Chaina

Tun bayan rikicin Indiya da Pakistan na watan Mayun 2025, da Pakistan tace jiragenta ƙirar J-10C da ta siyo a Chaina sun kakkaɓo jiragen Indiya har da Rafale ɗan Faransa, duk majalisar da ka zauna in dai an taɓo zancen yaƙi sai kaji wani na rantsuwa cewa ai Chaina ta gama da kowa a sama, wani kuma ya taso yace haba malam kayan Chaina ne fa, kamar cajar da ka siya jiya ta ƙone yau. Ni dai a ganina dukkansu sun bar jaki suna dukan taiki, don jirgi ake ta musu a kai alhali jirgin shine na uku a lissafi. Kafin shi akwai ƙasan da zai tashi a kai ya dawo ya sauka, sannan akwai mutumin da ke zaune a cikinsa. Na farkon Chaina ta iya shi iyawa, wallahi ba mai ja da ita a zuba kankare. Na biyun ne yake ba ta wahala tun 1949 har yau, kuma su da kansu sun sani.

Bari mu ɗan koma baya, don ba za ka gane abun da suke yi yanzu ba sai ka san talaucin da suka fito daga ciki. Makarantar tuƙin jirgi ta farko da 'yan kwaminisanci suka buɗe, a garin Tonghua ne can arewa maso gabas, a watan Maris 1946, tun ma kafin su karɓi mulki. Su waye malaman? Sojojin Japan ɗin da aka ci da yaƙi, wajen mutum 300 ƙarƙashin wani hafsa Hayashi Yaichiro, wato abokan gaban jiya su suka zama malaman yau. Jiragen kuwa tsince-tsince ne, a ɗauko fiffike a nan a ciro inji a can a ɗora a amalanken doki a kawo, a haɗa guda ɗaya daga gawar uku ko huɗu. Fetur ya yanke suka koma zuba sifirit, tayar jirgi da famfon keke ake bi ana hura ta, mutane na karɓeɓeniya har ta cika. Ranar 1 ga Oktoba 1949 da Mao ya ayyana sabuwar ƙasa a Beijing jirage 17 kacal suka samu na fareti, shine aka sa guda 9 masu gudu a cikinsu suka zagayo suka sake wucewa don jama'a su ga kamar suna da yawa, kuma su kansu basa ɓoye wannan labarin, alfahari ma suke da shi. Sai 11 ga Nuwamba na shekarar aka kafa rundunar sojan sama a hukumance, Liu Yalou ne kwamandan farko.

Shekara ɗaya tal bayan nan suka tsinci kansu a yaƙin Koriya. Tarayyar Sobiyet ta basu MiG-15 ta turo malamai, aka ɗauki samarin da yawancinsu sojan ƙasa ne, aka basu tirenin na gaggawa aka tura su su kara da Amurkawan da suka ga jiya suka ga yau a yaƙin duniya na biyu. Toh a nan suka koyi darasin filin jirgi na farko. Duk filin da aka fara ginawa a cikin Koriya ta Arewa sai jiragen Amurka su zo su ragargaza shi, a gyara su dawo, a gyara su dawo. Amma filayen da ke tsallaken kogin Yalu, wajen garin Antung da yanzu ake kira Dandong, suna cikin ƙasar Chaina, kuma an hana matuƙan Amurka kai hari can don kar yaƙin ya faɗaɗa. Kaga kenan MiG zai tashi daga gida lafiya, ya tsallaka ya yi faɗa, ya gudo gida lafiya. Ba ƙarfin jirgin kaɗai ya riƙe su ba, wurin kwanansa ne ya tsira.

Darasi na biyu a gaban Taiwan aka koye shi. Lardin Fujian da ke fuskantar tsibirin duk duwatsu ne, a farkon shekarun 1950 ko layin dogo babu, jiragen 'yan Chiang Kai-shek, shugaban da 'yan kwaminisanci suka kora ya koma Taiwan, suna shawagi a samansa yadda suka ga dama. Sai da aka fasa duwatsu aka ja layin dogo daga Yingtan zuwa Xiamen, aka gina filaye, sannan a watan Yuli 1958 aka shigo da jiragen yaƙi, wata ɗaya bayan nan ranar 23 ga Agusta aka fara luguden wuta a tsibirin Kinmen da ke hannun Taiwan. Ka lura da jerin: dogo, fili, mai, sannan jirgi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma a wannan rikicin ne, cikin Satumba, jiragen Taiwan suka fara harba makami mai linzami na Sidewinder da Amurka ta basu, karon farko kenan a duniya da aka yi amfani da irinsa a faɗan jirgi da jirgi, matuƙan Chaina suka ji a jikinsu.

Daga nan abubuwa suka taɓarɓare. A 1960 Sobiyet ta kwashe ƙwararrunta bayan sun ɓata da Mao, a 1969 har artabu akayi a kan iyaka, sai tsoro ya koma na makaman nukiliya daga arewa. Shine aka shiga haƙa, ana huda cikin tsauni ana yin ramin da jirgin yaƙi zai shiga ya kwana, da ƙofar ƙarfe da doguwar hanya da za a jawo shi zuwa titin tashi, kuma da yawa daga cikin waɗannan ramukan suna nan har gobe. Amma a daidai lokacin da ake ɓoye jirgi a cikin dutse, ana kashe ilimin tuƙa shi. Juyin al'adu na 1966 zuwa 1976 ya rufe makarantu, aka maida karatun aƙida gaba da karatun inji, awannin tashi suka zube. Sai kuma babban abun: ranar 13 ga Satumba 1971 Lin Biao, wanda shine magajin Mao a rubuce, ya tsere a jirgin rundunar daga filin Shanhaiguan ya faɗi a Mongoliya, aka kama kwamandan sojan sama Wu Faxian, daga ranar jam'iyya ta ɗora wa rundunar ƙahon zuƙa. Ga kuma matuƙan da ke sulalewa da jirgi su sauka a Taiwan ko Koriya ta Kudu, Taiwan har zinare take ba wanda ya kawo mata jirgi. Toh in kai ne shugaba me za ka yi? Za ka ɗaure matuƙi da igiyar rediyo. Kwamanda na zaune a hasumiya yana gaya masa hau nan, juya dama, rage gudu, harba yanzu, dawo. Jaridun sojan Chaina da kansu daga baya sun kira wannan salon da tarbiyyar mai raino, wato babban mutum da gemunsa amma goye yake a bayan wani. A 1979 da aka gwabza da Biyetnam an jibge ɗaruruwan jirage a kusa da iyaka amma ba a bari sun shiga faɗan sama ba, wannan kaɗai ya isa ya nuna maka yadda manyan suka ɗauki rundunar tasu.

Abun da ya farkar da su yaƙin Tekun Fasha ne na 1991. Suna kallo a talabijin aka wargaza Iraƙi daga sama cikin makonni, alhali wani ɓangare na kayan Iraƙin irin nasu ne, har da jiragen da suka sayar mata. A 1992 Su-27 na farko daga Rasha suka iso. A 1996 da suka yi gwajin makamai a kusa da Taiwan Amurka ta turo manyan jiragen ruwa masu ɗaukar jiragen yaƙi har guda biyu, Chaina ta haɗiye fushinta don ba yadda za ta yi. Duk abun da kake gani yau, daga wannan haushin ya samo asali.

Yanzu mu zo kan kankare. Mutane suna ɗauka filin jirgin soja titi ne kawai dogo, a'a. Titin shine mafi sauƙi. Akwai hanyar gefe da jirgi zai bi ya hau titin, wadda in an fasa babban titi za a iya tashi ta kanta, akwai rumbun mai a ƙarƙashin ƙasa, akwai ma'ajiyar bama-bamai nesa da komai, akwai rada da makaman kakkaɓo jirgi, akwai injiniyoyin da aikinsu kawai su cike ramin bam da siminti mai saurin bushewa cikin awanni, sannan akwai ɗakin kwanan jirgin kansa. Wannan na ƙarshen shine ake ta magana a kai yanzu. Jirgin yaƙi a ƙasa kamar kaza ce a daure, ko ƙaramin ɓaraguzan bam ya huda tankinsa ya gama. Masar ta gani ranar 5 ga Yuni 1967 da Isra'ila ta ƙone mata jirage suna jere a fili tun kafin su tashi, Rasha ma ta gani ranar 1 ga Yuni 2025 da Yukiren ta shigo da ƙananan jirage marasa matuƙi a bayan tirela ta ƙona mata manyan jiragen bam a ajiye. Maganin shine ɗaki mai baka na kankare da rodi, jirgi ɗaya ɗaki ɗaya, yadda dole abokin gaba ya kashe makami mai tsada guda a kan kowane ɗaki, kuma bai ma san ko akwai jirgi a ciki ko wayam bane. Wani rahoto da cibiyar Hudson ta Amurka ta fitar a farkon 2025 daga hotunan tauraron ɗan'adam yace irin waɗannan ɗakunan a Chaina sun tashi daga wajen 370 zuwa sama da 800 cikin shekaru goma da 'yan kai, in ka haɗa da rumfunan da ba masu kauri ba sun haura 3,000, kuma akwai filaye 134 a zagayen da jirgi zai iya kaiwa mashigin Taiwan. Masu rahoton kuka suke yi wa gwamnatinsu don ita ba ta gina komai a yankin ba in aka kwatanta.

Wurare uku ake zuba wannan kankaren. Na farko gaban Taiwan, filaye irin su Longtian da Huian da Zhangzhou, inda mashigin a wurin da ya fi ƙunci kilomita 130 ne, bai kai Kano zuwa Zariya ba, jirgin yaƙi kafin ka gama shan shayi ya tsallaka. Har manyan titunan mota suke ginawa da niyyar sauke jirgi, a 2014 sun gwada a wata babbar hanya a lardin Henan, a cire shingen tsakiya kawai ta zama filin jirgi.

Na biyu tekun kudancin Chaina, kuma wannan kam abun al'ajabi ne ko kana son su ko baka so. Wurare ne da da can in ruwa ya cika kusan gaba ɗaya suke nutsewa, Fiery Cross da Subi da Mischief, daga 2014 aka kawo jiragen ruwa masu zuƙo yashi daga ƙasan teku suna feso shi dare da rana har ƙasa ta fito, aka daddaɓe aka shimfiɗa titi mai tsawon wajen mita 3,000 a kowanne. A watan Yuli 2016 kotun sasanci a Hague ta yanke hukunci cewa iƙirarin Chaina a tekun ba shi da tushe a doka, bayan ƙarar da Filifin ta kai, Chaina tace ba ta san zancen ba, titunan kuma suna nan. Amma ni ban ɗauke su da girman da ake basu ba in yaƙi ya tashi, don tsibiri baya motsi, ba dutsen da za a huda, gishirin teku na cin ƙarfe, kuma duk ɗigon mai sai an kawo shi daga nesa. Amfaninsu na lokacin zaman lafiya ne, su sa ido, su tsorata maƙwabta.

Na uku shine wanda ya fi burge ni, wato Tibet, don a can ba Indiya ce babbar abokiyar gaba ba, iska ce. Filin Lhasa yana sama da mita 3,500 daga matakin teku, na Shigatse wajen 3,800, na Ngari Gunsa ya haura 4,200, wato ka ɗora tudun Jos sau uku baka kai ba. A irin wannan tsayin iska ba ta da kauri, inji baya samun abun shaƙa yadda ya kamata, fiffike baya samun abun dafawa, don haka jirgi sai ya yi gudu mai nisa kafin ya ɗaga, shi ya sa titin Shigatse ya kai mita 5,000. Kuma duk da haka dole matuƙi ya zaɓa, ko ya cika tanki ya rage bam ko ya ɗauki bam ya rage mai. Jiragen Indiya kuwa daga kwari suke tashi da cikakken lodi. Toh tun bayan rigingimun kan iyaka tsakaninta da Indiya, wato tirka-tirkar Doklam a 2017 da faɗan Galwan na Yunin 2020 da sojan Indiya 20 suka mutu, Chaina ta duƙufa faɗaɗa waɗannan filayen da na Hotan a Xinjiang, ƙarin titi, ƙarin ɗakuna, sannan ga jirgin tanka da aka yi daga babban jirgin dakon kayansu Y-20, yadda jirgi zai tashi da rabin tanki a ƙara masa mai a sama. Da kuɗi da siminti suke rage gibin da Allah ya halitta, sun rage amma basu goge shi ba.

Duk wannan mai sauƙi ne ga ƙasar da ke yin kusan rabin simintin duniya. Mutum fa? Duk wanda ya taɓa zama kusa da filin jirgin Kano ya san ƙarar ƙananan jiragen horon nan, ka ga ya sauko kamar zai sauka, taya ta ɗan taɓa ƙasa ta yi hayaƙi, sai ya sake ɗagawa ya zagayo, haka zai yi ta yi har ka gaji da kallo. Muna yara muna cewa wasa suke, ashe wannan zagayen shine matuƙin, kowane zagaye mai ne ke ƙonewa da taya da ke cinyewa da inji da ke tsufa, kuma ba wata gajerar hanya. Titi za ka iya gama shi a wata goma sha takwas in ka zuba lebura dare da rana, amma wanda zai jagoranci jirage huɗu cikin dare a saman teku sai ya kusa shekara goma yana dafuwa.

Tsarinsu yanzu haka yake: tun daga sakandare ake zaɓen yara, a 2015 suka buɗe azuzuwa na musamman a wasu makarantu 16 inda ake ɗaukar yaro ɗan shekara 15 ko 16 ana kula da idonsa da lissafinsa. Wanda ya haye sai jami'ar sojan sama da ke Changchun, shekara huɗu, a can zai fara taɓa ƙaramin jirgi mai farfela CJ-6, wasu ma ana haɗa musu da karatu a manyan jami'o'i irin Tsinghua. Daga nan sai ɗaya daga kwalejojin tuƙi uku, Harbin ko Shijiazhuang ko Xi'an, ya hau JL-8, sannan JL-10 wanda allon gabansa kusan iri ɗaya ne da na jirgin yaƙin zamani, wannan ne ya basu damar yanke wasu matakai su rage shekaru. A kowane mataki ana zubar da mutane da yawa. Mata ma suna ciki, rukunin farko na masu tuƙa jirgin yaƙi sun fito a 2009, ɗaya daga cikinsu Yu Xu ta rasu a hatsarin horo a watan Nuwamba 2016, ƙasar gaba ɗaya ta yi makokinta.

Amma babban canjin ba a makaranta yake ba, a hamada yake. A sansanin Dingxin cikin hamadar Gobi da na Cangzhou a Hebei suna da runduna ta musamman da aikinta shine ta zama abokin gaba, ta yi faɗa irin na Amurka ko Taiwan, kuma an ba ta izinin ta kunyata kowa. Da can atisaye wasan kwaikwayo ne, an riga an rubuta cewa jan ɓangare, wato sojan gida, shine zai ci. A 2011 aka ƙirƙiro gasar Hular Zinare, matuƙi da matuƙi ba rubutaccen shiri, kwamfuta na naɗar komai, in an sauka a zauna a kalli inda ka mutu ko da kai kanar ne wanda ya kashe ka kyaftin. Akwai kuma babban atisayen Jan Takobi da ake haɗa jirage da rada da makaman ƙasa gaba ɗaya. Sannan suka fara fita waje neman wanda zai mare su su farka: Turkiyya a 2010, Pakistan tun 2011, Tailan tun 2015, Masar a 2025. Na Tailan ɗin na farko ya zama abun karatu, don a faɗan kusa da kusa jiragen Chaina sun yi kaca-kaca da Gripen ɗin Tailan, amma da aka koma faɗan nesa inda baka ganin mutum sai a rada, aka yi musu wankin babban bargo, kuma wani babban matuƙin gwajinsu ne ya fito ya bayyana hakan daga baya, yana nuna cewa ba laifin tsohon jirgi kaɗai bane har da yadda matuƙan ke yanke shawara da yadda suke aiki tare. Ƙishirwar wannan ilimin ce ta sa a watan Oktoba 2022 Birtaniya ta fito tana gargaɗi cewa an ɗauki tsofaffin matuƙanta kusan 30 da maƙudan kuɗi suna koyar da 'yan Chaina. Ba tuƙi ake siya a wurinsu ba, yadda Bature ke tunani a cikin faɗa ake siya.

A nan ne nake cewa gizo ke saƙar. Wannan rundunar ba ta ƙasa bace a tsarinsu, ta jam'iyya ce, kowace birged tana da kwamanda tana da jami'in siyasa mai daraja ɗaya da shi, kuma har yau akwai awannin karatun aƙida a jadawalin matuƙi. Faɗan sama na zamani kuma daƙiƙu ne, in abokin gaba ya toshe rediyo ba hasumiyar da za ta raine ka, dole yaro ɗan shekara 28 ya yanke hukunci shi kaɗai. Wato suna son mutum mai cin gashin kansa a sama, mai biyayya ɗari bisa ɗari a ƙasa, kuma ina ganin da gaske suke neman haɗa biyun, ba wasa suke ba. Sai dai tsoron nan na zamanin Lin Biao bai mutu ba, ko a watan Disamba 2023 an cire tsohon kwamandan sojan sama Ding Laihang daga majalisar ƙasa tare da wasu janarori a guguwar tsarkake soja ta Xi Jinping. Hafsan da ke ganin ana ɗauke manyansa ɗaya bayan ɗaya, da wuya ya bar yaransa su ɗauki kasadar da in jirgi ya faɗi shi za a tambaya.

Mu ma abun ya shafe mu kai tsaye, don Najeriya ta siyi F-7 guda 15 daga Chaina, a 2021 aka ƙaddamar da JF-17 guda uku a Makurɗi wanda Pakistan da Chaina suka haɗa hannu suka ƙera, ga jirage marasa matuƙi irin CH-3 da Wing Loong, Ghana da Sudan kuma suna horo da K-8 wanda shine JL-8 ɗin da na ambata. Abun da ke damuna shine duk lokacin da aka siyo jirgi hotonsa muke yaɗawa, ban cika jin wani ɗan majalisa ko ɗan jarida ya tambayi awa nawa matuƙinsa ke tashi a shekara ba, ko a wane irin ɗaki yake kwana, ko kayan gyaransa na shekara nawa aka biya.

Sai mu dawo kan musun majalisa. Rabon matuƙin Chaina da ya harbi jirgin abokin gaba a faɗa na gaske tun shekarun 1960, lokacin yaƙin Biyetnam da jiragen Amurka ke ratsowa ta kudancin ƙasar, wato duk janarorin da ke rundunar yau ba wanda ya taɓa yi. Abun da ya faru a Mayun 2025 ya nuna jirgin J-10C da makaminsa PL-15 ba kayan wasa bane, wannan kam an gani. Amma mutanen da ke cikin jiragen 'yan Pakistan ne, rundunar da ke tuƙa F-16 na Amurka tun 1983, ta yi yaƙi da Indiya a 1965 da 1971, ta sake karawa da ita a sama a watan Fabrairun 2019, kuma ita ce Chaina ke zuwa atisayen Shaheen da ita tun 2011 don ta ɗauki darasi.